Tsadar data: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Tun da aka ƙara kuɗin data a Najeriya a farkon 2025 tambayoyi iri ɗaya nake ta amsawa. Ga su nan wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake aiko mini.

Wa ya ƙara kuɗin, kamfanoni ko gwamnati?

Kamfanoni suka nema, hukumar sadarwa ta NCC ta amince. Ninki suka nema, wato kashi 100, aka ba su kashi 50 a watan Janairu. A dokar sadarwa ta 2003, kamfani ba ya sauya farashi sai da amincewar NCC. Saboda haka ita za ku matsa wa.

Zaginsu a Facebook bai isa ba?

Bai isa ba. Zagi ba ya shiga fayil.

Matsin lambar talaka ya taɓa yin aiki kuwa?

Ƙwarai kuwa, mantuwa ce ta yi mana yawa. A 2016 NCC ta umarci manyan kamfanoni su ɗaga farashin data daga 1 ga Disamba. Saƙon na shiga wayoyin mutane aka yi caa, Majalisar Dattawa ta sa baki, ana gobe za a fara aka dakatar da umarnin. Harajin kashi 5 da aka so ɗora wa kira da data ma an dakatar da shi a watan Yulin 2023. Kada wani ya sake ce mini ba a jin kukan talaka. Ana ji idan ya zo da yawa, a lokaci guda, ta ƙofar da ta dace.

Datata tana ƙarewa da wuri. In kai ƙara ne ko in canja layi?

To, wannan ba ta da amsa guda, ya danganta. Da farko shiga saitin wayarka ka duba wace manhaja ke shan datar. Sau da yawa bidiyon da ke kunna kansa ne, ko sabunta manhajoji cikin dare, ko yaran gida da ka jona wa intanet ka manta. In ka tabbatar ba daga wajenka ba ne, ɗauki hoton allon wayar lokacin da ka saya da lokacin da ta ƙare. Kira kamfanin, ka nace sai sun ba ka lambar shaidar koke, ka rubuta ta. Idan ba su warware ba, sannan ka kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Wannan lambar shaida za su fara tambayarka. Ba na ce lallai a mayar maka da datarka ba. Wani a biya shi, wani a ce masa wayarsa ce. Amma kokenka ya shiga lissafi, kuma da lissafi ake zama teburin shawara.

Batun canja layi kuwa, tun 2013 kana iya komawa wani kamfani da lambarka yadda take. Sai dai ka yi a hankali. Idan a garinku ƙarfen sabis ɗaya ne ke aiki, arha ba za ta amfane ka ba, don data mai arha da ba ta buɗe shafi asara ce. Ari wayar maƙwabci mai wancan layin, ka gwada a cikin ɗakinka da daddare, lokacin da kowa ke kai. Mutumin birni yana da zaɓi, na ƙauye galibi ba shi da shi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Me ya haɗa gasa da aljihuna?

Komai ma. Da aka fara GSM a 2001, ko daƙiƙa biyar ka yi kana magana kuɗin minti guda ake cire maka. Glo na shigowa a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Yau MTN kaɗai ke riƙe da kusan rabin layukan ƙasar, 9mobile kuwa, wadda ta sauya suna zuwa T2 a 2025, ta rame ƙwarai. Ku nemi NCC ta hana babba danne ƙarami, ta kuma sauƙaƙa wa sabo shigowa.

Kukan da kamfanoni ke yi na tsadar aiki gaskiya ne?

Wani ɓangare gaskiya ne: dizal na janareta, faɗuwar naira, masu gyaran titi da ke tsinka igiyar intanet. Amma su suna da ƙungiyarsu, ALTON, suna zuwa da lauyoyi da alƙaluma. Mu fa, me muke zuwa da shi? Akwai NATCOMS ta masu amfani da layi, ga hukumar kare masu saye ta FCCPC. Ƙungiyar kasuwarku ko ta ɗalibai ta rubuta musu takarda guda, da sa hannun mutane da misalai na zahiri.

Gwamna yana da hannu a ciki?

Yana da shi. Jiha ce ke karɓar kuɗin izinin binne igiyar intanet. An daidaita a kan naira 145 duk mita, wasu jihohin ma sun yafe gaba ɗaya. Tambayi ɗan majalisar jiharku nawa taku take karɓa.