Ina 'yan Latino suka fi yawa a jihar Texas ta Amurka?

Su wane ne 'yan Latino, kuma nawa ne a Texas?

Mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashen Latin Amurka ne, galibi masu magana da Sifaniyanci. A Texas yawancinsu 'yan asalin Meziko ne. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11 cikin mutum miliyan 29, wato kusan kashi 39 cikin ɗari. Alƙaluman 2022 kuma sun nuna sun ɗara turawa yawa a jihar.

A waɗanne gundumomi suka fi yawa?

Texas na da gundumomi 254. Idan kaso ake magana, sai a nufi kudu, bakin kogin Rio Grande, kan iyaka da Meziko. A gundumar Starr kusan kashi 98 cikin ɗari 'yan Latino ne. Webb, inda birnin Laredo yake, kusan kashi 95. Hidalgo ta haura 90, El Paso ta haura 80.

Amma idan kawuna za a ƙirga, labari ya canja. Gundumar Harris, mai birnin Houston, tana da 'yan Latino wajen miliyan 2, alhali ba su kai rabin mutanenta ba. Duk mutanen Starr ba su kai dubu 100 ba. Wanda ya dubi taswirar kaso kaɗai zai ɗauka duk a kan iyaka suke, kuma wannan kuskure ne babba.

Ke nan baƙi ne 'yan ci-rani?

A'a, kuma nan ne aka fi yi musu rashin adalci. Texas ƙasar Meziko ce har 1836, ta shiga Amurka a 1845, yarjejeniyar 1848 tsakanin Amurka da Meziko ta tabbatar da Rio Grande a matsayin iyaka. Iyalan da ake kira Tejano, wato 'yan Texas masu asalin Meziko ko Sifaniya, suna San Antonio da Laredo tun kafin haka. Mafi yawan 'yan Latino na Texas a Amurka aka haife su.

Me ya kai su arewacin jihar, nesa da iyaka?

Neman abinci. Manyan mahauta da garken kiwon shanu a garuruwa kamar Hereford da Cactus sun ja ma'aikata, har gundumomin Deaf Smith da Moore, inda garuruwan suke, suka zama masu rinjayen 'yan Latino. Gabashin jihar ne suka fi ƙaranci.

Yawan nan ya amfane su?

Ba yadda ya kamata ba. A gundumomin kan iyaka akwai unguwannin da ake kira colonias, inda wasu gidaje har yau ba su da ruwan famfo ko magudanar ƙazanta, titi kuma ƙura ce da rani, taɓo da damina. A siyasa ma ba a aljihun kowa suke ba: Starr ta shafe fiye da shekara 100 tana bin jam'iyyar Democrat, amma a 2024 ta zaɓi Donald Trump na jam'iyyar Republican.