Gwajin jini kafin karatun likita a Birtaniya: abin da ƙa'ida ta ce

Duk ɗalibin da ya samu gurbin karatun likitanci ko likitan haƙori a Birtaniya, kafin ya taɓa majiyyaci sai sashen lafiyar ma'aikata ya tantance shi. Tushen wannan shi ne jagorar da Ma'aikatar Lafiya ta fitar a 2007, wadda ta shafi cututtuka huɗu: tarin fuka, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da HIV.

Matakin farko na kowa ne. A duba ko kana ɗauke da tarin fuka, a yi maka rigakafin ciwon hanta B, yawanci allura uku cikin wata shida, sannan a sake ɗibar jini a ga ko jiki ya karɓa.

A mataki na biyu ne hanyar ta rabu. Akwai ayyukan da hannun likita ke shiga cikin jikin majiyyaci, yatsunsa ba sa ganuwa, ga allura ko wuƙa ko tsinin ƙashi a kusa. Idan safar hannu ta huje ya yanke, jininsa na iya shiga jikin mara lafiya. Duk mai yin irin wannan aiki dole a gwada jininsa a ga ko yana ɗauke da ciwon hanta B, C ko HIV. Aikin haƙori kuwa kusan kullum haka yake: baki wuri ne matsattse, ga kayan aiki masu kaifi. Shi ya sa ɗalibin haƙori ba shi da mafita, sai ya tsallake wannan gwaji tun farko. Ɗalibin likitanci zai iya kammala digirinsa ba tare da yin waɗannan ayyuka ba. In ya ƙi gwajin, sai a hana shi su, karatu ya ci gaba.

Ɗibar jinin ma da ƙa'idarta. Sai ka nuna katin shaida mai hoto, ma'aikaci ya kalli fuskarka ya kalli katin, sannan ya soka allura. Ba a karɓar kwalbar da ka kawo da kanka, don kada wani ya ba da jinin abokinsa.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, samun cutar ba ya rufe ƙofa. Tun 2014 mai ɗauke da HIV zai iya yin tiyata ko aikin haƙori muddin yana shan magani, ƙwayoyin cutar sun sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, kuma ana duba shi a kai a kai. Mai ciwon hanta B shi ma adadin ƙwayar ake dubawa. Nau'in C kuwa yanzu ana warkewa da magani cikin makonni 8 zuwa 12. A ganina wannan ya fi tsohon tsari adalci, wanda ya raba mutane da sana'arsu alhali haɗarin ƙalilan ne.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙari. Bizar fiye da wata shida tana buƙatar shaidar gwajin tarin fuka daga asibitin da Birtaniya ta amince da shi. Sannan ciwon hanta B ya yi yawa a wurinmu, kuma da dama sun kamu tun suna jarirai ba su taɓa jin ciwon kai ba. Gara ka yi gwajin a gida, ka fara magani in da buƙata, da ka ji labarin a makonka na farko bayan an biya kuɗin makaranta.