Tuƙi kai kaɗai a filayen Dakota da Montana: a kiyayi gyangyaɗi

Duk wanda zai ja mota shi kaɗai daga Fargo zuwa Billings a arewacin Amurka, tafiyar kusan kilomita 1,000 ke gabansa a kan babbar hanyar I-94, wadda ta ratsa Dakota ta Arewa ta faɗa Montana. Titi ne lafiyayye, miƙe sambal, ba cunkoso, kuma a nan matsalar take. Gonaki ne da makiyaya dama da hagu iya ganinka, ido ba ya samun abin kamawa, sai jiki ya mutu.

Mu ma'aikatan lafiya, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne barcin da ke sace direba bai sani ba. A Montana doka ta yarda da gudun mil 80 a awa, wato kusan kilomita 129. Da irin wannan gudu, runtse ido na daƙiƙa 4 ya isa mota ta ci fiye da mita 140 ba mai lura da ita. Wanda kuma ya kai awa 17 idonsa biyu, tuƙinsa kan yi rauni kamar na wanda ya ɗan sha barasa, ko da bai taɓa kai ta bakinsa ba.

Ɗan'uwa, in hamma ta yi yawa, ko taya ta hau tsagin gefen titi ta yi gurnani, ko ka kasa tuna garin da ka baro yanzu, to barci ya riga ya shigo. Sauke gilashi da ƙure rediyo yaudarar kai ne kawai. Ka ratse wurin hutawa, ka sha kofi, ka kishingiɗa na minti 20. Kafin ka tashi kofin ya fara aiki. Kada ka sha maganin mura mai sa barci irin su Benadryl ranar tafiya. Duk bayan awa 2 ka fito ka taka, domin dogon zama na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Lokacin hunturu kuwa sha'anin daban ne. Sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, iska ta kwaso ƙanƙara ta rufe hanya. Ka kira 511 ka ji halin da titi ke ciki, ka sha mai tun tanki yana rabi, ka ɗauki bargo da ruwa da abinci. In ka maƙale, zauna cikin motar, ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa. Kunna inji kamar minti 10 a kowace awa, amma sai ka share ƙanƙarar da ta toshe salansa, ka ɗan sauke gilashi. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Da asuba da magariba barewa kan tsallaka titi, musamman a watan Nuwamba. Taka birki, kada ka murɗe sitiyari. Kafin ka tashi, gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa, saboda akwai wuraren da waya ba ta kamawa.