Dokar ETOPS: tazarar da ake aunawa da minti

Duk wanda ya taɓa tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka ya ga taswirar bayan kujera tana nuna jirgin ya nausa arewa, ya ratsa saman Girinlan da arewacin Kanada, inda garuruwa ƙalilan ne, galibi sai ƙanƙara. To, idan inji ɗaya ya mutu a can, ina za a sauka? Amsar wannan tambaya ita ce dokar ETOPS, wato ƙa'idar da ke ƙayyade nisan da jirgi mai inji biyu zai iya yi daga filin jirgin saman da zai iya sauka cikin gaggawa.

Tushenta tun 1953 ne, lokacin da Amurka ta hana jirgin fasinja mai inji biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka. Da minti ake awon, kuma da irin gudun da jirgin zai yi da inji ɗaya kacal. Sai a zana da'ira kewaye da kowane fili a taswira, hanyar jirgin kuma ba za ta fita daga cikin da'irorin ba. Tsakanin Keflabik ta Ayislan da Ikaluwit ta Kanada akwai sama da kilomita 2,000, don haka da'irar minti 60 ta kowanne ba ta kai ta ɗan'uwansa ba. Ko dai a samu fili a tsakani, kamar Kangalusuwak ta Girinlan, ko a haƙura da hanyar.

Da injuna suka ƙara inganci sai aka sassauta: minti 120 a 1985, minti 180 a 1988, har jirgi ƙirar Airbus A350 ya samu izinin minti 370 a 2014. Amma ba kyauta ake bayarwa ba. Ba a son bakanike ɗaya ya yi gyara iri ɗaya a injunan biyu lokaci guda, don kada ya maimaita kuskure. Kuma idan hasashen yanayi ya nuna filin ba zai sauku ba a lokacin wucewa, an cire shi daga lissafi.

Sashen da ya fi muhimmanci a wurina shi ne na bayan sauka. Kamfanin Amurka da zai bi ta can ƙuryar arewa dole ya ɗauki rigunan kariyar sanyi aƙalla biyu, ya kuma rubuta yadda zai ciyar da fasinjoji, ya ɗumama su, ya kwashe su. A Fabrairun 2017 jirgin Swiss ƙirar Boeing 777 daga Zurik zuwa Los Anjelis ya sauka lafiya a Ikaluwit da inji ɗaya. Garin bai kai mutum 10,000 ba, ba shi da masaukin da zai ɗauki fasinja sama da 200, sai suka zauna cikin jirgin awanni da dama har wani ya zo ya kwashe su. Sabon injin ma sai da aka kawo shi a cikin ƙaton jirgin dakon kaya na Antonov, makanikai suka kafa tanti suka ɗaura shi cikin tsananin sanyi.