Shugaban ƙasa ba ya korar gwamnan CBN shi kaɗai

An daɗe ana ɗauka cewa gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) kamar minista yake, ranar da shugaban ƙasa ya ga dama sai ya sallame shi. Ba haka dokar bankin ta 2007 ta tanada ba. Shugaba ne ke naɗa shi na shekara biyar, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Idan kuma yana son tsige shi, sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun goyi baya.

Shi ya sa Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi a 2014, Tinubu kuma Emefiele a 2023. Kalmar dakatarwa suka yi amfani da ita, maimakon tsigewa da ke buƙatar goyon bayan sanatoci. Wannan kafa tana damuna ƙwarai, domin tana raunana kariyar da doka ta ba mai riƙe da darajar naira.