Zikonotayid: maganin raɗaɗi daga dafin dodon koɗin teku

Zikonotayid magani ne da ake bai wa masu ciwo mai tsanani da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, musamman waɗanda mofin, wani ƙaƙƙarfan maganin raɗaɗi, ya daina yi musu aiki ko jikinsu ya kasa ɗaukarsa. Ana sayar da shi da sunan Prialt. Asalinsa dafin wani dodon koɗi ne mai suna Conus magus, da ke rayuwa a ruwan ɗumi na tekun Indiya da Fasifik.

Wannan dodon koɗi ba ya iya bin kifi da gudu, don haka sai ya laɓe, ya miƙo dogon bakinsa, ya harba wani haƙori mai kama da mashi cike da dafi. Nan take kifin ya sandare, shi kuma ya jawo shi ya haɗiye. A farkon shekarun 1980, a ɗakin binciken Baldomero Olivera na Jami'ar Yuta a Amurka, wani matashin ɗalibi, Michael McIntosh, ya ware ɗaya daga cikin sinadaran dafin. Wannan sinadari ne yanzu ake haɗawa a masana'anta, ba sai an kamo dabbar ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Disambar 2004, Tarayyar Turai kuma a 2005.

Aikinsa shi ne toshe wasu ƙananan kafofin kalsiyam a bakin jijiyoyin laka, ta yadda saƙon ciwo ba zai isa ƙwaƙwalwa ba. Ba ya danne numfashi kamar mofin, kuma jiki ba ya sabawa da shi har ya riƙa neman ƙari.

Sai dai kai shi inda zai yi aiki jan aiki ne. Ba a haɗiyarsa, ba a yin allurarsa a jini. Dole a zuba shi cikin ruwan da ke kewaye da laka, galibi ta wani ɗan famfo da likita ke dasawa a ƙarƙashin fatar ciki. Ana farawa da abin da bai wuce maikirogiram 2.4 a rana ba (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), a riƙa ƙarawa sannu a hankali, domin gaggawa kan jawo jiri, tashin zuciya, ruɗewa, har da gane-gane. Wanda ya taɓa samun taɓin hankali mai tsanani ba a ba shi.

Wata guba daga teku da aka gwada don rage raɗaɗi ita ce tetirodotoksin, gubar kifin talibambam na teku, wadda ke toshe kafofin sodiyam na jijiyoyi. An gwada ta a Kanada kan raɗaɗin ciwon daji, ta hanyar allura a ƙarƙashin fata.