Waiwaye: rage itatuwa a gandu, daga dajin fayin zuwa Damagaram

Fayin (pine), ice mai ganye kamar allura, ba icen ƙasar Damagaram ba ne, ruwanmu bai isarsa. Amma yawancin abin da ma'aikatan gandun daji suka sani game da rage itatuwa, a kan fayin da danginsa aka koye shi. A ƙarni na 19 Jamusawa suka yi ta shuka shi layi-layi don katako, kuma tun shekarun 1870 suka keɓe filayen gwaji suna auna bambancin gandun da aka rage da wanda aka bari cunkushe. Girman itatuwa da yawan katako kawai ake dubawa a lokacin. Abin da ke tsirowa a ƙasa ba ya cikin lissafi. Da wannan tunani aka kai fayin Afirka ta Kudu, daga baya ya iso Afaka kusa da Kaduna da tsaunukan Jos.

Sai a ƙarshen ƙarni na 20 hankali ya koma ƙarƙashin itatuwan. Idan an shuka da tazarar mita 3, hekta na ɗaukar itatuwa 1,100 da 'yan kai. Da tazarar mita biyu da rabi, itatuwa 1,600. Cikin 'yan shekaru rassa su haɗe, hasken da ke kaiwa ƙasa ya koma ɗan kaɗan. Ganyen fayin siriri ne, ba ya saurin ruɓewa, sai ya taru ya yi shimfiɗa mai kauri da ƙwayar ciyawa ba ta iya hudawa. Wani ɓangare na ruwan sama kuma a kan rassa yake tsayawa ya bushe. Gandu ya yi kore daga nesa, cikinsa fayau.

Ragin iri biyu ne. Ko a sare layi guda cikin kowane uku zuwa biyar, ko a bi ɗaya-ɗaya a cire ƙanana, karkatattu da masu ciwo. Galibi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ake cirewa a karo guda. Nan take yanayin cikin gandu ke sauyawa: rana ta fi zafi, dare ya fi sanyi, iska ta samu hanya, laimar iska ta ragu. Amma ruwan da ke sauka ƙasa ya ƙaru, saiwoyin da ke shansa sun ragu, don haka ciyawa da ƙananan tsirrai su farfaɗo. Wannan bai daɗewa, domin rassa na sake haɗewa, shi ya sa ake maimaitawa. Ɓarna na zuwa ne idan aka yi jinkiri sannan aka sare da yawa: itatuwan da suka tashi dogaye sirara suna jingine da juna, iska mai ƙarfi ta kwantar da su, ciyawa mai mamaya ta cinye filin.

A Nijar, bayan farin shekarun 1970, an dogara da dashe. A kwarin Majiya, jihar Tawa, tun 1975 aka jera dogon yaro layi bibbiyu don tare iska, daga baya aka fara sare kawunansu saboda inuwa da samun itace. Bayan taron Maradi na 1984 kan hamada, dashen gandun gari ya ƙaru. Dashe aka koya wa mutane, ragi kuwa ba a koya ba, ga kuma tsoron tara idan aka sare ice. Shi ya sa ake samun gandun dogon yaro ko icen turare da ƙarƙashinsa ya zama faƙo, ruwa na gudu a kai.

Manoma ne suka kama bakin zaren da sassaben zamani, wanda ya bazu daga Maradi a shekarun 1980: a kututture guda a bar toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a cire sauran, kamar yadda ake rage hatsi a gurbi. A Magarya, Matameye da Mirya gawo ya cika gonaki, kuma shi da kansa yake rage inuwarsa, tunda da damina yake zubar da ganye. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan icen da ya yi rainonsa.

A ganinmu, darasin fayin ya shafe mu, amma a nan zafi da iska sun fi ƙarancin haske haɗari. Kada ragi ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu a karo guda. A bar layukan gabas da arewa maso gabas yadda suke, ta nan iskar farkon damina da hunturu ke shigowa. A yi aikin dab da faɗuwar ruwa, da izinin ma'aikatan gandun daji. Ƙananan rassa a shimfiɗa su a kan faƙo, su tare rairayi da ƙwayar ciyawa, gara ta huda ƙasa ruwa ya shiga. A tsare dabbobi damina ɗaya ko biyu, in ba haka ba garmani zai riga kyasuwa da gamba kama wurin. Fayin in an sare shi ya tafi kenan, dogon yaro da turare kuwa tohowa suke, don haka sai an dawo shekara mai zuwa an rage tohon.